Madogarin Ƙarfe Ɗaya da Alwatika Miliyan 1.2: Yadda Aka Shirya Gwajin Ƙarfi a Kan Ragar STL

Aikin da ya kawo wannan nazari ƙarami ne a ido. Wani madogarin ƙarfe ne mai siffar harafin L, wanda ake ɗaure shi da noti biyu a jikin bango, sannan a rataya kaya a bakin hannunsa. Ya daɗe yana aiki, zanensa na asali ya ɓata, kuma ana son a san ko zai ɗauki nauyin nuton 1,000, wato abin da ya ɗan haura kilo 100, ba tare da ya lanƙwashe ba. Abin da aka miƙa wa injiniyan da zai yi lissafin shi ne fayil ɗaya tak na STL, wato tsarin fayil da ke adana siffar abu a matsayin tarin ƙananan alwatika, wanda aka samu bayan an zagaya madogarin da sikana mai ɗaukar siffar abu. Na daidaita ma'aunan zuwa lambobi masu sauƙi domin mai karatu ya iya bin lissafin da alƙalaminsa. Hannun madogarin yana da tsawon milimita 170, faɗin 60 da kaurin 12, kuma ramin rataya yana nisan milimita 150 daga fuskar farantin da ke manne da bango. Farantin kansa tsawonsa 120 ne, da faɗi da kauri iri ɗaya da na hannun. Ramuka uku ne gaba ɗaya, kowanne faɗinsa 12, sannan kwanar ciki inda hannu ya haɗu da faranti ba mai kaifi ba ce, an zagaye ta da lanƙwasa mai radiyos (wato rabin faɗin da'ira) 6. A riƙe wannan lanƙwasa a zuciya, domin ita ce ta fi ba da wahala daga baya.

Wanda ya kawo aikin ya ɗauka abin na yini guda ne. Hujjarsa ita ce, tunda fayil ɗin ya riga ya zo a yayyanke cikin alwatika, kuma hanyar lissafin da injiniyoyi ke amfani da ita, wato rarraba abu zuwa ƙananan gutsattsari, ita ma da alwatika take aiki, to ai rabin aikin ya riga ya kammala. Tunanin yana da ɗan tushe a tarihi. Richard Courant ya yi amfani da alwatika a 1943 wajen warware lissafin murɗewar sanda, Turner da Clough da Martin da Topp suka fitar da alwatikar lissafin faranti a 1956 domin gina jiragen sama, kuma Ray Clough ne ya raɗa wa hanyar sunan da ake kiranta da shi, wato finite element method, a 1960. Sai dai tsarin STL daga wani gida ya fito. Kamfanin 3D Systems ne ya samar da shi a 1987 domin injinan buga abu mai jiki, waɗanda buƙatarsu kawai su san inda fatar abu take domin su yanka shi hawa-hawa. Alwatikar STL tana nuna siffa ne, ita kuwa alwatikar lissafi tana ɗaukar nauyi, kuma wadda ta dace da aiki na farko ba lallai ta iya na biyu ba.

Idan aka buɗe cikin fayil ɗin za a ga yadda yake da ƙarancin bayani. Yana farawa da bayit 80 na kan magana, sai bayit 4 da ke faɗin yawan alwatika, sannan kowace alwatika ta ci bayit 50, waɗanda ke ɗauke da kusurwoyinta uku da wata kibiya mai nuna wace fuska ce ta waje. Namu yana da alwatika miliyan 1.2, don haka girmansa ya kai kimanin megabayit 60. A cikin wannan duka babu inda aka rubuta ko lambobin milimita ne ko inci, babu alwatikar da ta san maƙwabciyarta, kuma babu abin da ake kira rami ko fuska ko kwana. Mutum ne ke duban allo ya ga ramin noti. Manhaja kuwa ba ta ganin komai sai tarin ƙananan filaye da aka jera kusa da juna.

Kafin a taɓa ragar, wato wannan saƙar alwatika, injiniyan ya ɗauki takarda ya yi lissafin hannu, kuma a ganina wannan ne mataki mafi amfani a aikin baki ɗaya, ko da yake bai ci minti goma ba. Idan aka ɗauki hannun madogarin a matsayin sanda da aka kafe a gefe ɗaya, ƙarfin lanƙwasawa a gindinsa shi ne 1,000 sau 150, wato 150,000. Idan aka raba shi da faɗi sau kauri sau kauri bisa shida, wanda ya ba da 1,440, za a sami matsin ciki na kimanin megafaskal 104 (megafaskal ma'aunin matsi ne, faskal miliyan ɗaya). Da taurin ƙarfe na megafaskal 210,000, wurin ramin rataya zai sunkuya da kusan milimita 0.62. An ɗauki ƙarfen a matsayin nau'in S235, wanda ke fara lanƙwashewar da ba ta komawa a megafaskal 235. Aka kuma ɗora madogarin a sikeli, ya nuna kimanin kilo 1.6. Waɗannan lambobi uku, 104 da 0.62 da 1.6, su ne aka riƙa auna duk abin da kwamfuta ta faɗa da su.

Gyaran fatar ya fara ne da haɗe kusurwoyi. Tunda kowace alwatika ta rubuta nata uku, fayil ɗin yana da kusurwoyi miliyan 3.6, alhali a rufaffiyar raga yawan kusurwoyi kusan rabin yawan alwatika ne, wato wajen 600,000. Ana haɗe waɗanda suka faɗa wuri ɗaya ta hanyar ba manhaja ɗan tazarar da za ta yafe, kuma nan akwai tarko: idan tazarar ta yi ƙanƙanta, sai a bar tsagogin da ido ba ya gani, idan ta yi yawa kuma sai ƙananan alwatika su murƙushe su koma layi. Bayan haka aka bincika ƙa'idar rufaffiyar fata, wadda ta ce dole kowane gefe ya kasance na alwatika biyu daidai. Manhajar MeshLab, wadda wata cibiyar bincike a Pisa ta ƙasar Italiya ta samar, ta nuna giɓi a bayan farantin inda ya kwanta a kan tebur lokacin ɗaukar siffa, da wasu giɓɓan a can cikin ramuka inda hasken sikana bai kai ba, da gefuna kaɗan da alwatika uku suka haɗu a kansu, da 'yan ɓarɓashi da ke shawagi a gefe ba su manne da komai ba.

An danna maɓallin cike giɓi na kai tsaye, ragar ta rufu, kuma a allo komai ya yi kyau. Abin da ya tona asiri shi ne wani tsohon lissafi da ake dangantawa da Leonhard Euler tun ƙarni na 18: idan aka ɗauki yawan kusurwoyi, aka cire yawan gefuna, aka ƙara yawan fuskoki, rufaffen abu marar rami yana ba da 2, kuma kowane rami da ya huda shi gaba da baya yana rage 2. Madogari mai ramuka uku ya kamata ya ba da -4. Namu ya ba da -2. Da aka leƙa cikin ramukan sai aka tarar manhajar ta shimfiɗa wani siririn murfi a tsakiyar ɗaya daga cikin ramukan noti, domin a wurinta giɓi giɓi ne, ba ta da hanyar bambance wanda sikana ta bari da wanda maƙeri ya huda da gangan. Aka cire murfin, aka ɗinke bangon ramin da hannu, lissafin ya koma -4. Sannan aka auna girman abin da fatar ta kewaye, ya fito wajen milimita kubik 205,000, wanda idan aka ninka da nauyin ƙarfe na kilo 7,850 a kowace mita kubik ya ba da kilo 1.6. Wannan ya tabbatar da abu biyu a lokaci guda: lambobin fayil ɗin milimita ne, kuma babu wani yanki da kibiyoyinsa suka juya ciki ya zama waje.

Daga fata ake buƙatar a cika cikin abin da ƙananan dala masu fuska huɗu, domin ƙarfe ba kwanso ba ne. Gwajin farko na cika ragar sikana yadda take bai yi nisa ba. Manhajojin da ke wannan aiki, irin su TetGen da Gmsh, suna dogara da ƙa'idar da Boris Delaunay ya wallafa a 1934, amma suna girmama alwatikar fatar da aka ba su, saboda haka duk wata siririyar alwatika mai kama da allura takan haifi dala mai kama da ita. Irin waɗannan dala suna ɓata daidaiton lissafi, wasu ma girmansu yakan fito sifili ko ƙasa da sifili har manhajar lissafi ta ƙi karɓa. Ban da haka, alwatika miliyan 1.2 a fata tana nufin miliyoyin dala a ciki, mafi yawansu a kan shimfiɗaɗɗun wurare inda babu abin da ke faruwa. Yawan alwatikar ya samo asali ne daga ƙarfin sikana, ba daga buƙatar lissafi ba, kuma abin da yawancinsu suka adana shi ne kaushin fenti da tsatsa.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce ta faɗa wa manhaja inda aka kafe madogarin da inda aka rataya kaya. A zane na asali mutum yakan danna fuska ɗaya ya ce nan ne bayan faranti. A ragar alwatika kuwa bayan farantin dubun-dubatar gutsattsari ne marasa suna. Dabarar da aka saba ita ce a duba kusurwar da ke tsakanin alwatika biyu maƙwabta, idan ta wuce wani mizani sai a ce nan fuska ɗaya ta ƙare wata ta fara. Misalin da ke cikin darussan Gmsh yana amfani da digiri 40. Wannan yana aiki sosai a kan fayil ɗin da aka fitar daga zanen kwamfuta, inda gefuna ke da kaifi. A kan abin da sikana ta ɗauka kuwa gefunan sun riga sun dakushe, juyin digiri 90 ya rarrabu a kan alwatika biyar ko shida, babu wadda ta kai 40, don haka manhajar ta ɗauki kusan dukan madogarin a matsayin fuska guda. Da aka rage mizanin zuwa digiri 15 sai kaushin fenti ya farfasa shi zuwa ɗaruruwan tsibirai.

Daga nan injiniyan ya sauya hanya. Ya daina ƙoƙarin lallashin ragar, ya mayar da ita matsayin shaidar awo: ya zaɓi alwatikan kowane shimfiɗaɗɗen gefe ya daidaita musu fili guda, ya daidaita silinda a kan kowane rami, sannan ya miƙar da filayen har suka haɗu suka ba da sabon jiki mai tsabta. Da aka ɗora sabon jikin a kan ragar sikana, bambancin a mafi yawan wurare bai wuce kaurin fenti ba. Kowace fuska ta sami suna, kuma sunan yana nan ko sau nawa aka sake saƙa raga, wanda ke da muhimmanci domin duk wanda ya zaɓi alwatika da lambobinsu zai sake zaɓen daga farko duk lokacin da ya ƙara wa ragar laushi.

Wajen kafewa, abu mafi sauƙi shi ne a daskarar da bayan farantin gaba ɗaya, amma hakan yana nufin an yi masa walda da bango ko'ina, alhali noti biyu ne kawai ke riƙe da shi, kuma saman farantin yana iya ɗagowa daga bango idan kaya suka ja. Aka zana zobe a kewayen kowane ramin noti daidai faɗin washa aka kafe nan, aka bar ƙasan farantin ya jingina da bango ta yadda ba zai shige ciki ba. Nauyin kuma aka shimfiɗa shi a rabin ƙasa na ramin rataya. Ƙa'idar Saint-Venant ta 1855 ta ba da damar kada a tsananta a nan, domin yadda aka rarraba nauyi a cikin ramin ba ya canza abin da ke faruwa a gindin hannu mai nisan milimita 150, muddin jimlar da inda ta faɗa daidai ne. Abin lura kawai shi ne kada a raba nuton 1,000 daidai-wa-daida tsakanin ƙullayen raga, wato wuraren da layukanta ke haɗuwa, domin inda raga ta fi cunkoso zai ja kaso mafi yawa. Hasali ma a fuskar dala mai ƙulli goma, wato huɗu a kusurwoyi da shida a tsakiyar gefuna, matsi na bai ɗaya yana faɗawa ne kacokan a kan ƙullayen tsakiyar gefuna, na kusurwa ba sa samun komai, abin da ba wanda zai yi hasashensa da ka. Gara a ba manhaja matsi a kan fuska ta yi rabon da kanta.

Sakamakon farko daga manhajar lissafi ta CalculiX ya nuna matsin ciki mai ma'ana, amma sunkuyawar wurin ramin rataya ta fito 0.0000005. An shigar da taurin ƙarfe ne a faskal, wato biliyan 210, a cikin tsarin da tsawonsa milimita ne, inda ya kamata a rubuta 210,000. Wannan kuskure yana da wayon ɓuya, domin a lissafin da nauyi ne aka bayar, matsin ciki bai dogara da taurin ƙarfe ba, saboda haka wanda ya dubi hoton matsi kaɗai ba zai ga komai ba. Bayan gyara sai sunkuyawar ta koma abin da bai kai rabin milimita ba, wanda shi ma bai gamsar ba, tunda lissafin hannu ya ba da 0.62 da zaton gindi kafaffe ne, kuma farantin da ke ɗan bayarwa kamata ya yi ya ƙara a kan haka. Laifin na nau'in dala ne. Mai ƙulli huɗu, wanda CalculiX ke kira C3D4, matsi ɗaya yake ɗauka a duk jikinsa, don haka idan biyu kacal ne a kaurin milimita 12 ba za su iya nuna yadda sama ke miƙewa ƙasa ke matsewa ba, sai abin ya fito da taurin da ba shi da shi. Da aka koma mai ƙulli goma, C3D10, sunkuyawar ta haura 0.62 kamar yadda ake tsammani, kuma matsin da ke saman hannu nesa kaɗan da kwana ya yi daidai da layin lissafin hannu.

Sai aka zo kan kwanar. A raga ta farko matsi mafi girma ya fito wajen megafaskal 150. Aka rage girman dala da rabi domin a tabbatar, ya koma kusan 205. Aka sake ragewa, ya haura 280, ya wuce iyakar 235, allo ya yi ja wur a kwanar, kuma wanda ya kawo aikin ya fara maganar a jefar da madogarin. Amma lamba da ke ƙaruwa da kusan kashi 37 cikin ɗari duk lokacin da aka raba raga biyu tana da sanannen dalili. M. L. Williams ya nuna a 1952 cewa a kwanar ciki mai kaifi, lissafin ƙarfe mai komawa yadda yake yana ba da matsi marar iyaka, kuma ga kwana mai digiri 90 yadda yake hauhawa ya yi daidai da ninki 1.37 a kowane rabi. Ashe lokacin da aka miƙar da filaye har suka haɗu, lanƙwasar nan mai radiyos 6 ta salwanta, aka gina kwanar da madogarin gaskiya ba shi da ita. Da an ci gaba da ƙara laushin raga, da lambar ta ci gaba da hawa har kwamfuta ta gaji.

Gyaran farko da aka gwada shi ne a aro lanƙwasar daga wata ragar sikana da aka rage wa yawa, inda alwatika uku suka rufe juyin digiri 90. Kowace ta ɗauki digiri 30, kuma tazarar da ke tsakanin miƙaƙƙen layinta da ainihin da'irar ta kai milimita 0.2. Adadin ƙarami ne, amma kowace mahaɗa tsakanin filayen nan uku ita ma kwana ce, mai rauni dai amma kwana, saboda haka hoton matsi ya fito da ratsi-ratsi masu bin gefunan alwatika. Ƙara dala a kansu bai taimaka ba, domin sababbin ƙullaye suna sauka ne a kan filayen da suke nan, sai dai su ƙara bayyana kuskuren da kyau. Nan ne bambancin raga mai laushi da siffa mai gaskiya ya fi fitowa fili. Abin da ya warware matsalar shi ne daidaita silinda ta gaske a kan alwatikan sikana na kwanar, wadda ta fito da radiyos kusan 6 kamar yadda ma'aunin hannu ya nuna, sannan a bar manhaja ta ɗora ƙullayen tsakiyar gefuna a kan wannan lanƙwasa. Da dala masu girman milimita 1.5 a kwanar, sannan 0.75, sannan rabin haka, matsin ya tsaya kusa da megafaskal 145, bambancin biyun ƙarshe bai kai kashi 2 cikin ɗari ba.

Yana da kyau a lura cewa kuskuren raga ba koyaushe yake tsorata mutum ta hanyar ƙara lamba ba; wani lokaci rage ta yake yi, kuma wannan ya fi haɗari. A ranar 23 ga Agusta 1991 gindin kankare na dandalin haƙar mai na Sleipner A ya nutse a kusa da Stavanger ta ƙasar Norway, kuma bincike ya nuna ragar da aka saƙa a mahaɗar bangaye ta sa lissafi ya rage ƙarfin tsaga da kashi 47 cikin ɗari. Asarar ta kai kimanin dalar Amurka miliyan 700. A madogarinmu, dala mai ƙulli huɗu irin wannan ƙaryar ta kwantar da hankali ya fara yi, kwana mai kaifi kuma ta yi ƙaryar tayar da hankali, duka a kan abu guda.

Binciken ƙarshe bai ɗauki lokaci ba. Jimlar ƙarfin da wuraren kafewa suka mayar ta fito nuton 1,000 a tsaye, sifili a sauran ɓangarori. An yi watsi da jajayen ɗigon da ke bakin zoben washa, domin su ma 'ya'yan kafewar lissafi ne, aka duba notin da lissafin hannu daban. Rahoton ya ce a ƙarƙashin nauyi tsayayye na nuton 1,000, matsi mafi girma yana kwanar ciki, kimanin 145 ne a kan iyakar 235, wato rarar ninki 1.6, bisa sharaɗin cewa ƙarfen S235 ne. Ya kuma ƙara da cewa sikana fenti ta auna ba ƙarfe ba, don haka a kankare fentin kwanar a sake auna kauri da radiyos, a shafa ruwan gano tsaga, kuma idan kayan da za a rataya masu hawa da sauka ne ko masu girgiza, a dawo da aikin domin lissafin gajiyar ƙarfe kafin a mayar da madogarin bango.